Murɗin Hagu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Likita ya ce in riƙa rubuta abin da ya faru kullum. To ga shi ina rubutawa, kada a ce na ƙi.

Yau Shugaban Sashe ya kira ni ofis. Shekara goma sha tara da suka wuce ɗalibina ne, ni na kayar da shi a gwajin farko, ya biyo ni har bakin ɗakin gwaji yana share hanci. Yanzu shi ne a kan kujera mai juyi. Ya miƙe ya gaishe ni har da russunawa, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi maigidana Baban Auta, ya tambayi 'yata Auta, ya sake tambayar Baban Auta. Da gaisuwar ta yi tsawo sai na sha jinin jikina.

"Mama, ɗalibai ne suka kawo 'yar magana."

"Wace magana?"

"Wai darasin haɗin feftaid sau uku aka yi musu shi."

"Ka tambaye su ko sun iya shi yanzu?"

Ya yi dariya, amma idonsa na kan takarda. Ya ce ranar Litinin ashirin da huɗu ga wata mutum uku za su zauna a ajina: shi, da wata daga ofishin rajistara, da wani farfesa da za a gayyato daga waje. In sun gamsu, zan ci gaba da riƙe 'yan shekarar farko. In ba su gamsu ba, ajin ya koma hannun sabuwar malamar da aka ɗauka bara. Darasin da zan yi shi ne tsarin furotin da rabe-rabensa. Shekara ashirin da shida ina wannan darasi, ko daga barci aka tashe ni zan yi shi.

Sau uku, wai. Ni dai sau ɗaya na sani.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Aji ya yi kyau yau. Ina ma sun zo yau ɗin.

Na shiga da gwangwanin duwatsuna, irin na sarƙar wuya, da damin waya. Baban Auta mai gyaran wuta ne, duk guntun wayar jan ƙarfe da ya rage masa a wurin aiki ni yake kawo wa, shi ya sa yaran ke ce min Mama Mai Waya in sun zaci ba na ji. Duwatsun kala ashirin ne, kowace kala amino asid ɗaya. Na raba musu, na ce kowa ya zura goma sha biyu yadda na jera a allo. Wannan jerin shi ne tsari na farko, kuma duk abin da furotin zai zama yana cikinsa. Ka musanya dutse ɗaya, ka ɓata labarin gaba ɗaya.

Daga nan na ce su naɗe wayar a jikin biro. Tsari na biyu ke nan, murɗin da ake ce wa alfa. Murɗin dama ne, irin na noti. Ka ɗaga babban yatsan hannun dama sama, inda sauran yatsun suka lanƙwasa, nan wayar za ta bi tana hawa. Kowace shekara sai an sami mai murɗawa hagu, kuma in na nuna masa sai ya yi wuf ya juya wayar ƙasa-sama, wai ya gyara. Yau wani dogo ne a layin baya. Na ce masa, "Ɗana, ko ka juya ta ƙasa-sama, ko ka kai ta gidanku ta kwana ka dawo da ita, hagu hagu ne. Warware za ka yi, ka sake." Ajin ya fashe da dariya. A kan wannan na kayar da Shugaba a zamaninsa, shi ma juyawa ya yi.

Na fito muryata a dishe, raina fes.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mabuɗin ofishina a firjin ɗakin gwaji aka same shi.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Asibiti. Auta ce ta kai ni, ta bar shagon maganin da take aiki a hannun abokiyar aikinta.

Likitan sa'an Auta ne, ko ya girme ta da kaɗan. Ya faɗi kalmomi uku ya ce in riƙe. Ya ce in zana agogo. Ni, in zana agogo! Na zana masa. Ya ce in riƙa cire bakwai daga ɗari, na cire har ya ce ya isa. Sannan ya ce, "Mama, kalmomin nan uku fa?" Na ba shi ɗaya. Na tsaya ina kallon kalandar da ke bayansa kamar a can na ajiye sauran.

Ya juyo da hoton kaina da aka ɗauka wancan makon, ya nuna nan da nan da bakin biro. Ya sassauta murya ya fara, "Akwai wani furotin da in bai naɗu daidai ba..." Na ɗaga masa hannu. Na ce, "Ɗana, tsaya nan. Wanda ya koya maka wannan, wataƙila ni na koya masa." Na san abin. Na san yadda sarƙoƙin ke miƙewa su jeru gefe da gefe su manne, na san ba sa narkewa. Na zana shi a allo ya fi a ƙirga. Ba zan rubuta sunansa a littafina ba.

A mota Auta ta ce, "Umma, in saya miki lemo?" Na ce a'a. Muka zo gida.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Tsari na uku. Na sa suka dunƙule wayarsu: duwatsun da ke gudun ruwa su ɓuya a ciki, masu son ruwa su zauna a waje. Na ce musu furotin da siffarsa yake cin abinci, in siffar ta tafi aikin ya tafi, ko da jerin na nan daram. Na fasa ƙwai a kwalbar gwaji na ɗora a wuta kamar yadda na saba, suka ga farin ya daskare.

Wata yarinya mai tabarau a layin gaba, wadda ba ta barin magana ta wuce, ta ɗaga hannu. "Malama, in furotin ya naɗu ba daidai ba a jikin mutum, yana komawa daidai?"

Na ce wani yana komawa, jiki na da masu taya shi naɗuwa, wani kuma a farfasa shi a zubar. Ta ce, "Wanda bai koma ba kuma ba a farfasa ba fa?" Na ce ya taru. Ta ce, "Sai me?" Na ce lokaci ya ƙure, alhali saura minti goma sha biyar. Shafi na goma sha ɗaya na takarduna duk a kan wannan yake, na haɗa shi da na sha biyu na juya.

Tsoro nake ji. Bari in rubuta shi sau ɗaya in huta: tsoro nake ji ƙwarai.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na tsani yadda kowa ya koma yi min magana a hankali.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Sabuwar malama ta zo ta zauna a bayan ajina, wai tana so ta ƙaru. Na ce bismillah. Da a ce 'yar rainin wayo ce da na ji daɗi, sai in sami wanda zan tsana. Ina! Yarinya ce mai ladabi, kuma ta san aikinta, na taɓa jiyo ta ta taga.

Rabe-raben furotin muka yi. Ta siffa gida biyu ne. Akwai masu kamar zare, dogaye masu tauri da ba sa narkewa a ruwa, su ne ginin jiki. Akwai dunƙulallu masu narkewa, su ne 'yan aiki, irin su enzayim da himogulobin mai dakon iska a jini. Ta abin da suka ƙunsa kuma, akwai zalla, amino asid kaɗai, akwai masu goyo, waɗanda ke ɗauke da wani abu daban, ƙarfe ko sukari ko kitse. Na ce kowa ya taɓa farcensa. Keratin ke nan. Na ce kowa ya mintsini fatar bayan hannunsa. Na mintsini tawa, na buɗe baki, babu.

Wallahi babu. Na san sarƙa uku ne a tuƙe kamar igiya. Na san kowane dutse na uku gilaisin ne. Na san shi ya fi kowane furotin yawa a jikin mutum. Sunan ne kawai ya tafi. Na tsaya riƙe da fatar hannuna, fanka na juyawa, mutum saba'in na jirana. Mai tabarau ta ce ƙasa-ƙasa, "Kolajin." Na ce, "Madalla, ashe akwai mai karatu a ajin nan." Wasu sun yarda gwada su nake yi. Sabuwar malama ta duƙar da kai tana rubutu, ban san me ta rubuta ba.

Da aka tashi ta ɗaukar min gwangwani har ofis. Na so in ce ta ajiye, hannuna bai mutu ba. Na ce na gode.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Likita ya ce in riƙa rubuta abin da ya faru kullum. To ga shi ina rubutawa, kada a ce na ƙi. Shugaba ya ce ɗalibai sun kai ƙarata, wai na maimaita darasi. Ni dai sau ɗaya na sani.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na juya baya na karanta shafin farko da na shekaranjiya. Daga yau ba zan ƙara karanta baya ba, na sa roba na ɗaure shafukan da suka wuce. In na cika shafi in tura shi ƙarƙashin robar.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Mun yi faɗa da Baban Auta. Rabon da mu yi irinsa tun Auta na goye.

Na dawo na tarar ya manna 'yan takardu a jikin makunnai: fanka, fitila, firji kada a kashe. Ya kuma sa wa tukunyar gas wani makulli da ban san inda ake buɗe shi ba. Na ce gidan nan ya zama ajin 'yan share fage ne? Ya ce jiya na bar wuta a kunne, tukunya ta ƙone ƙurmus. Na ce ƙarya ne. Ya shiga kicin ya fito da tukunyar ya ajiye a gabana.

Sai ya zauna. Shi Malama yake ce min tun kafin mu yi aure, da tsokana ya fara har ya bi bakinsa.

"Malama, ki rubuta musu takarda da kanki. Ki ce kin gaji. Ki fita da girmanki kafin Litinin."

"Au, har da kai?"

"Ba na so su zauna suna kallonki kina neman kalma."

"Kai da ka iya wayar wuta, me ka sani a aikina?"

Wannan maganar ba ta dace ba, na sani tun kafin ta gama fita. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana tsinto min guntayen waya yana feƙe su da wuƙa. Sai na ji ina faɗa masa gaskiya. Na ce a gidan nan an fara ɓoye min ashana, a asibiti ana sa ni zanen agogo, Auta na bina da ido duk inda na juya. Ajin nan ne kaɗai wurin da ya rage in na buɗe baki a ɗauki biro a rubuta. In aka karɓe shi, to me zan tashi in yi da safe?

Ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce, "Waya nawa kike so na ranar?" Na ce saba'in da biyar, har da na baƙi.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na rufe ƙofar falo na yi darasin ni kaɗai, daga farko har ƙarshe, minti hamsin cif. Ko kalma ɗaya ba ta kuɓuce ba. Tsari na huɗu ma ya fito tsaf: sarƙa huɗu na himogulobin, alfa biyu bita biyu, kowace da ƙarfenta, in ɗaya ta kama iska sai sauran su saki jiki su kama. Wata zuciyar ta ce min wataƙila. Ban biye mata sosai ba.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An yanka waya. An goge kaya. Abinci ya ƙi shiga.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe biyu da kwata na rana

Zan rubuta shi yanzu tun yana nan.

Sun zauna a baya su uku. Farfesan tsoho ne mai furfura, da ɗan littafi a gwiwa. Na fara lafiya. Amino asid ashirin, kowanne da kai da wutsiya da abin da ya rataya a gefe. Haɗin feftaid, ruwa ya fita, biyu su ƙulle. Na raba waya har da baƙin, farfesan ya yi murmushi ya karɓa, na ga yana zura duwatsu da gaske. Muryata ta buɗe. Na ji ni ce.

Na ɗauki biro na naɗe wayata ina magana, ba na ma kallo, hannuna ya yi wannan sau dubu. Na zare biron na ɗaga ta sama. Na ce ga alfa, amino asid uku da ɗigo shida a kowane zagaye, murɗin dama.

Mai tabarau ta kalli wayar, ta kalli hannunta na dama da ta ɗaga yatsa, ta sake kallon wayar. Ba ta ɗaga hannu ba wannan karon. Ta ce a hankali, don ni kaɗai in ji, "Malama, hagu ne."

Na duba. Ban iya ganewa ba. Wayar na hannuna tana sheƙi, na kasa cewa ga inda ta bi. Sai na ji hannuna ya juya ta ƙasa-sama, na sake ɗagawa, na ce, "To yanzu fa?"

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi min. Dogon nan na layin baya ya sunkuyar da kai. Na hango Shugaba ya rufe fuska da tafin hannu, kuma a fuskarsa na gane abin da na yi, tun kafin kaina ya gaya min.

Na warware na sake. Na ƙarasa darasin, na uku, na huɗu, masu zare da dunƙulallu, zalla da masu goyo, kolajin ma ya zo da kansa. Komai daidai, minti talatin babu tuntuɓe. Amma farfesan ya riga ya rufe littafinsa ya sa biro a aljihu. A bakin ƙofa ya ce min, "Malama, wannan dabarar wayar, ban taɓa ganin mai kyanta ba." Shugaba bai iya tsayawa ba, ya ce ana jiransa a taro.

Baban Auta na jirana a bakin get da babur. Bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Shugaba ya zo ofishina da kansa da takardar. Daga gobe ajin na sabuwar malama ne. Ni an ba ni hutun rashin lafiya, ba a rubuta ranar dawowa ba. Ya ce, "Mama, wallahi na yi iya yina." Idonsa ya kaɗa. Na ce na sani, ka yi daidai, da ni ce a kujerarka haka zan yi. Kuma gaskiya na faɗa, shi ne abin da ya fi ciwo.

Na kira sabuwar malamar na ba ta gwangwanin duwatsu da ragowar waya. Ta ce ba za ta iya karɓa ba. Na ce karɓi, ki riƙa ƙirga jajayen bayan kowane aji, su suka fi ɓata. Na bar mabuɗi a kan tebur.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ban fita ba. Ban yi komai ba. Fanka, fitila, firji kada a kashe.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na shirya tsaf zan tafi aji, Baban Auta ya tare ni a ƙofa, wai yau babu karatu. Ba wanda ya sanar da ni. Haka sashen nan ya lalace, a soke darasi malami bai sani ba. Zan yi wa Shugaba magana.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Gobe Litinin mutum uku za su zauna a ajina, Shugaba da wata daga ofishin rajistara da wani farfesa daga waje. In sun gamsu, ajin nawa ne. Na shirya.

Na duba ko'ina ban ga gwangwanina ba, ina jin a ofis na baro shi. Na ce wa Baban Auta ya yanka min waya saba'in da biyar. Ya tsaya yana kallona kamar bai ji ba. Na ce na gobe mana, ko ka manta? Ya ce, "Ban manta ba, Malama." Ya ɗauko jakar aikinsa ya zauna a ƙofar falo yana yanka.

Auta ta zo. Na ce tunda ga ku, ku zauna in gwada a kanku. Ta fara cewa, "Umma, ai..." sai babanta ya ce, "Ɗauko kujera." Suka zauna su biyu, na ba kowa takarda da biro. Na yi musu shi daga farko har ƙarshe, jeri, murɗi, dunƙulewa, haɗuwar sarƙoƙi. Baban Auta har rubutu ya yi, shi da ko lissafin aikinsa a ka yake riƙewa. Na tambaye shi furotin ɗin farce, ya ce keratin. Na ce ka ga, ko mai gyaran wuta ya gane, balle farfesa. Auta ta tashi ta fita tsakar gida, ta daɗe ba ta dawo ba.

Ban ga dalilin da zai sa su karɓe min ajina ba. Darasin ƙarfe tara ne. Na ce masa ya tashe ni da wuri, ya ce to.